Kujerar Baya ta Malam Obadiah

Duk wanda ya taɓa sujada a majami'ar da ke bayan kwatas ɗin reluwe a Kafanchan ya san muryar Malam Obadiah Kambai. In ya ɗauki waƙa, ko kukan jirgi a tasha ba ya danne shi. Malamin firamare ne, ɗan manomin citta daga wajen Kachia, shekara tara yana jan ƙungiyar mawaƙa. Kuma bai nemi muƙamin ba. Sai da dattawan ikilisiya suka taka har gidansa sau uku, yana cewa bai isa ba, sannan ya karɓa. Haka aka rene shi: mai hankali ba ya miƙa kansa, ba ya kuma amsa tayin farko.

A 1974 gwamnati ta tura shi ƙaro ilimi a wata jami'a a arewacin Ingila. Ranar rakiya mawaƙansa suka cika tasha, shi kuwa ya buɗe baki ya yi musu alkawari: kafin Kirsimeti zai aiko da hotonsa a tsakiyar mawaƙan Turawa. Baki shi ke yanka wuya.

Karatu bai ba shi wahala ba, kaɗaici ne ya ci shi. A makon farko ƙungiyoyin ɗalibai suka jera tebura a babban zaure, ga 'yan muhawara, ga 'yan ƙwallo, har da masu hawan dutse don nishaɗi, shi da ya girma yana bin awaki a kan duwatsu ba don daɗi ba. Ya hango teburin mawaƙa. Ga takarda, ga biro, kowa ya zo sai ya rubuta sunansa da hannunsa, ko kunya babu. Obadiah ya tsaya a gefe, ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, yana jira a yi masa maraba. Ba wanda ya ɗaga kai.

Sai ya riƙa zuwa wurin koyon waƙarsu kowace Laraba da yamma, ya zauna a kujerar baya. A gida ai haka baƙo ke yi, sai dattijo ya tambaya ko akwai baƙo a cikinmu, a tashe shi, a tafa masa. A nan kuwa sai dai a yi masa murmushi a wuce. Abin da ya fi ƙona masa rai, masu babbar muryarsu ba su da ƙarfi ko kaɗan. Yana zaune yana bin waƙar a maƙogwaro, takaici kamar ya kashe shi.

Martins, wani ɗan Gwantu da ya riga shi zuwa da shekara biyu, ya yi ta faɗa masa ya je ya ba da sunansa kawai, a ƙasar nan ba a lallashin kowa. Obadiah ya ce shi ba tumatir ba ne da zai kasa kansa a faifai.

A mako na bakwai sai ga Irene, sakatariyar mawaƙan, ta nufo shi da takarda a hannu. Ta ce ta daɗe tana jin muryarsa daga baya, saura gurbi ɗaya a waƙar Kirsimeti, kuma yau za a rufe. Ko yana so ya shiga?

Zuciyarsa ta yi fari fat. Ya sunkuyar da kai yadda ya kamata.

"A'a, ai ban isa ba," in ji shi. "Akwai waɗanda suka fi ni."

"To, ba komai," ta ce da fara'a. "Muna jin daɗin ganinka a nan."

Ta juya ta tafi abinta. Ya zauna yana jiran tayi na biyu har aka watse aka fara kwashe kujeru. Laraba ta gaba ya haɗiye girman kansa ya same ta. Ta ba shi haƙuri sosai, an riga an ba wani, sai baɗi.

Ana cikin haka wasiƙar matarsa Beatrice ta iso. Ta ce mawaƙa suna gaisuwa, har sun kafa ƙusa a bangon majami'a inda za a rataye hoton. Ya karanta wurin sau uku. Ranar waƙar Kirsimeti yana cikin 'yan kallo, kuma hoton da ya aika gida nasa ne shi kaɗai, tsaye cikin dusar ƙanƙara a ƙofar laburare.

Da shekara ta zagayo shi ya fara rubuta suna, ya danna biro har takardar ta yage. Ya yi waƙa da su shekara biyu, amma duk lokacin da ya ba da labarin kujerar bayan nan sai ya yi tsaki.

Ya dawo Kafanchan a 1977, ya koma kan mawaƙansa. Wata Lahadi ya jiyo murya mai zaƙi daga kujerar baya. Wata nas ce, Edna, sabuwar zuwa garin. Ana tashi ya tare ta a ƙofa ya yi mata tayin shiga ƙungiyar mawaƙa. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta isa ba.

Ya danƙa mata littafin waƙa a hannu.

"Na ji, 'yata," ya ce. "Laraba, ƙarfe huɗu. Na riga na rubuta sunanki."