Karnukan da Marlys Ta Hana Kuka

Duk mai karen fudul a garin nan namu na jihar Nebraska ta Amurka ya san garejin Marlys Kubicek. A nan take askin karnuka tun tana amarya, ga shi yanzu furfura ta cinye mata kai. Fudul kuwa kare ne mai ba ubangidansa aiki. Gashinsa ba ya zuba, sai dai ya yi ta tsiro yana murɗewa kamar na tunkiya, in aka yi sakaci ya dunƙule har fatar ƙasa ta yi gyambo. Dole a aske masa fuska tas, a bi tsakanin yatsun ƙafa da injin aski, a daidaita sauran da almakashi. Duk wannan ba ya yiwuwa sai kare ya tsaya cak.

A nan Marlys ta yi suna. Ba ta karɓar ƙaton karen da ba ita ta hore shi ba. "Ku kawo min shi yana kwikwiyo," in ji ta, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Sai ta ɗora shi kan tebur, ta kunna inji kusa da kunnensa ba ta aske komai ba. Ya motsa, ta mayar da shi. Ya natsu, ta ba shi guntuwar busasshiyar hanta. Ba duka, ba tsawa, naci ne kawai irin nata, har kare ya gane cewa a teburin Marlys ba a motsi, ba a kuka. Tana ji da wannan horo fiye da kima, don Marlys ba ta iya yabon aikin kowa ba sai nata. Abin nunawarta ita ce Tansy, tsohuwar baƙar karyarta, wadda ko wuta ta kama garejin ba za ta sauka daga tebur ba sai an sauke ta.

Da shigowar kaka hannunta na dama ya fara rawa. Mijinta Vern ne ya fara lura, yana ganin kofi na zuba a faranti.

"Tsohuwa, hannun nan naki fa yana gaisuwa ba a gaishe shi ba."

"Kai ka ji da gwiwarka. Sanyi ne."

"Sanyi a ɗaki mai hita? Mu je wurin likita mana."

"In je ya ce min me? In ajiye almakashi in zauna ina kallon ƙeyarka?"

Tsoro take ji, tsoro sosai. Ba ta san kanta ba in ba da almakashi a hannu ba. Don haka ta ɓullo da dabara. Kullum kafin ta buɗe ƙofar gareji, sai ta gwada hannun da injin aski a ƙafar Tansy. In karyar ba ta yi ƙara ba, ba ta janye ƙafa ba, to hannu lafiya lau, a kawo karnukan mutane. Tansy kuwa ba ta taɓa janyewa ba. Haka aka ci hunturu.

Wata safiya ta gama gwajin, ta ƙwala wa Vern kira cikin gadara. "Zo ka ga aikin mai rawar hannu!"

Vern ya shigo, bai kalli askin ba. Tawul ɗin da ke kan tebur ya kalla.

"Marlys, wannan jinin na waye?"

Ta ɗaga ƙafar Tansy. Inji ya yanki siririyar fatar da ke tsakanin yatsu, jini na ɗiga. Tansy na tsaye, kai a miƙe, wutsiya a sama, yadda aka koya mata. Marlys ta sa tabarau ta ɗaga sauran ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ga wani ɓawon ciwo, ga wani tabo da ya daɗe da warkewa. Duk tsawon hunturu tana tambayar karyar da ita da kanta ta hana magana.

Tana cikin ɗaure ƙafar sai ga Glenda Oleson, malamar makaranta, ta shigo da farin karenta Barley. Shi ma horon Marlys ne. Ba a ce masa komai ba ya yi tsalle ya hau ɗaya teburin, ya miƙa haɓa yana jira.

"Kin ga mutuminki," in ji Glenda tana dariya, "a gida ko kunnensa ba ya bari in taɓa. Kwanan nan ma sai lasar ƙafa yake, ko gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ne?"

Marlys ta buɗe yatsun Barley. Ba gishiri ba ne.

Da ta ce gishiri ne, da an yarda. Wa zai musa wa Marlys a kan ƙafar kare? Vern ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ajiye injin, ta miƙa wa Glenda hannunta na dama a buɗe, yana ta karkarwa.

"Dubi nan, 'yata. Ni na yanke shi. Ki kai shi wurin likitan dabbobi, ki kuma faɗa wa sauran masu karnuka su duba ƙafafun nasu karnukan."

Ta rungumi Barley ta sauke shi ƙasa, gashinsa ko sili ba a taɓa ba. Karen ya kalle ta, ya kalli teburin. Sai ya sake tsalle ya hau, ya miƙa mata ƙafar, ya tsaya cak.