Malam Da'u Bubayero Gafasa, Mai Sa Sunansa a Kaset (1968–2024)

Haihuwa da asali

An haifi Malam Da'u a garin Gafasa ta ƙasar Ajingi a cikin watan Maris na shekarar 1968. Mahaifinsa shi ne Malam Bubayero, Bafillace wanda ya ajiye sandar kiwo ya kama noman gero da gyaɗa, mahaifiyarsa kuwa sunanta Baiwa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar.

Malam Bubayero mutum ne mai sa shaida a kan duk abin da ya mallaka. Shanu huɗun da suka rage masa kowace da tsaga a kunnen hagu, haka nan ƙotar fartanyarsa da ƙoren nonon matarsa duk akwai alamarsa. A wurinsa Da'u ya ɗauki wannan ɗabi'a, kuma bai rabu da ita ba sai da ta kai shi inda bai taɓa tsammani ba.

A wurin uban nasa kuma ya gaji tsoro. A daminar 1977 shanun gidan suka faɗa gonar wani, aka tafi da Malam Bubayero aka tsare shi kwana tara. Ya dawo an aske masa kai tas, kuma daga ranar har rasuwarsa bai sake buɗe baki a cikin taro ba. Da'u yana ɗan shekara tara a lokacin, shi ya fara hango shi a bakin gari yana tafe yana rufe kansa da hannu.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun allo a Gafasa, sannan ya shiga firamare a Ajingi a 1976, ya kammala a 1982. Bai wuce nan ba. A 1984 aka kai shi Gaya wurin Malam Maiwada mai gyaran rediyo, inda ya shekara biyar. Duk rediyon da ya gyara sai ya gasa ƙusa ya zana harafin farko na sunansa a cikin murfinta, don in ta sake lalacewa a san hannun wa ta bi. Malam Maiwada ya sha yi masa tsiya cewa saura ƙiris ya fara tsaga kunnen rediyo.

Aure da iyali

A 1989 ya kafa rumfarsa a kasuwar Ajingi. A 1992 ya auri Halima Sadiya, 'yar wani mai awon gyaɗa a garin, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya shida, biyu suka rasu tun suna ƙanana.

Sana'ar kaset

Daga gyaran rediyo ya shiga kwafar kaset na wa'azi da waƙa. Da finafinan Hausa suka cika gari wajen 1998 sai ya sayi bidiyo biyu ya haɗa su, ya riƙa sayo fim ɗaya daga Kano yana kwafa wa mutanen ƙauyuka. A 2005 ya koma faifai, a 2014 kuma ya sayi tsohuwar kwamfuta ya fara tura fim a waya.

Tunda ba a zane da ƙusa a jikin fim, sai ya nemo wata hanyar. A farkon kowane fim, kafin hoto ya fito, muryarsa ce ake fara ji tana cewa: "Salamu alaikum. Wannan aikin Da'u Bubayero ne, kasuwar Ajingi. In ya ƙi yi a dawo da shi a canza." Daga baya babban ɗansa Abdullateef, wanda ya iya kwamfuta, ya ƙara masa lambar waya a ƙasan hoton bisa umarninsa. Mutane kuwa sun yarda da shi, domin bai taɓa musun aikinsa ba. Mata a cikin gidaje sun haddace sallamar tasa, har ana kwaikwayonsa a wajen biki.

A ganinsa fim ɗin da ya saya da kuɗinsa ya zama nasa, kamar buhun gero, in ya ga dama ya auna wa wanda yake so. Wannan fahimta kuskure ce, amma da ita ya yi shekara ashirin da huɗu yana sana'a, kuma da ita ya ciyar da gidansa. A 2019, da aka fara jin labarin kame a Kano, Abdullateef ya roƙe shi ya cire muryar, domin sauran masu turi duk ba wanda ke sa suna. Amsar da ya ba shi iyalinsa suna tuna ta har yau: "Ɓarawo ne ke ɓoye sunansa, Abdullateef. Ni aiki nake yi."

Kamu da shari'a

A cikin watan Oktoba na 2022 wani matashi a Kano mai suna Mudassir ya kammala fim ɗinsa na farko, wanda sai da ya sayar da filin gadonsa kafin ya iya shirya shi. Tun kafin ya fitar da shi kasuwa wani ya sato shi, kuma a hannun masu irin wannan harka Malam Da'u ya saye shi bai tambayi asalinsa ba. Ya ɗora sallamarsa kamar kullum, ya tura wa mutum arba'in da uku a ranar kasuwa guda.

Waɗannan suka tura wa wasu, wasu masu turin suka kwafa daga gare su, wani kuma ya ɗora a intanet. Cikin mako uku fim ɗin ya kai Kano da Haɗeja da Maraɗi, ko'ina da muryar Malam Da'u a gaba. Mudassir bai mayar da ko rubu'in abin da ya kashe ba. Wanda ya sato fim ɗin tun farko ba a san shi ba har yau, domin shi bai bar shaida ba.

A cikin Janairun 2023 jami'ai suka zo rumfarsa ana tsakiyar cin kasuwa. Ba su sha wahalar nemansa ba, shi da kansa ya ba su suna da unguwa da lambar waya. Aka kwashe kwamfutarsa, aka tsare shi kwana biyu, sannan ƙanensa Abdulmuttalib ya yi belinsa. A gaban kotu a Kano mai gabatar da ƙara ya bayyana shi a matsayin shugaban gungun masu satar fasaha, ya ce kwafin da ke ɗauke da sunansa ba ya ƙirguwa, ya nemi a yi masa hukuncin da zai zama izina ga saura. Lauyansa bai ɓoye masa ba cewa laifin yana iya kai shi gidan yari na shekaru.

Maganar ta raba kan mutane a Gaya da Ajingi. Wasu suka ce dukiyar bawan Allah ta salwanta, kuma in ba a ɗaure wani ba masu shirya fim ba za su taɓa cin guminsu ba. Wasu suka ce a auna masa arba'in da ukun da ya tura da hannunsa, a ci shi tara daidai da su, amma ɗora masa dubban da wasu suka yaɗa zalunci ne. Shi kansa Mudassir, da suka haɗu a harabar kotu Malam Da'u ya durƙusa masa, sai ya kama shi ya ɗaga ya ce, "Baba, don Allah tashi. Wallahi ba ɗaurinka nake so ba, filina nake so." To amma ɗaurin Malam Da'u ba zai dawo da fili ba, kuma ƙarar ta riga ta fita daga hannun Mudassir.

Shekarunsa na ƙarshe

An ɗage shari'ar sau bakwai cikin wata goma sha shida, kuma a wannan tsakanin tsoro ya cinye shi. Ya rufe rumfarsa, ya daina zama a majalisa. In ya hango kaki, ko na ɗan sintirin kasuwa ne, sai ya canza hanya. Duk jajibirin zaman kotu sai ya je wurin wanzami a tashar Gaya a aske masa kai ƙwal, kuma ya shaida wa Halima Sadiya dalili: in ma ɗaure shi za a yi, ba ya so hannun wani ya taɓa masa kai kamar yadda aka yi wa mahaifinsa.

A daminar 2023 ya shiga wani aiki mai ban tausayi. Mutum arba'in da ukun nan duk ya san su da suna, sai ya riƙa binsu gida gida a kan keke, daga Ajingi zuwa Gafasa da ƙauyukan da ke kewaye, yana roƙon su goge fim ɗin a gaban idonsa. Ya sami talatin da takwas, duk suka goge. Ranar da ya gama da na ƙarshen ya ajiye keken a gida ya shiga motar Gaya, yana zama sai ya ji muryarsa tana sallama daga wayar wani fasinja da bai taɓa gani ba. Ya sa direba ya sauke shi a hanya, ya ƙarasa da ƙafa.

A watan Disamba na shekarar aka yi auren 'yarsa Zuhra. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar yana shelar sunansa ya hana a buga shi a katin gayyata, aka rubuta na Abdulmuttalib. A wannan watan ne likita ya tabbatar masa da hawan jini.

Rasuwarsa

Kotu ta sa ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, domin yanke hukunci. Ranar Litinin da hantsi ya tafi wurin wanzaminsa kamar yadda ya saba. An aske rabin kan ke nan sai ya sulale daga kan benci. Aka garzaya da shi asibiti, kafin azahar rai ya yi halinsa. Ya rasu yana da shekara hamsin da shida.

An yi masa sutura a Gafasa bayan la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Mudassir yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Washegari aka sanar da kotu, aka rufe shari'ar ba tare da an karanta hukuncin ba. Lauyansa ya ce yana kyautata zaton tara ce kawai. Babu wanda ya sani, shi ma mamacin bai sani ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa hakkin da ke kansa.

Ya rasu ya bar matarsa Halima Sadiya da 'ya'ya huɗu: Zuhra, tana aure a Gaya, Ummukulthum, malamar firamare a Ajingi, Ummu Salma, wadda ke gaban mahaifiyarta, ta kuma ɓoye kwafi ɗaya na fim ɗin a wayarta, ba ta kallonsa, farkonsa kawai take saurare, sai Abdullateef, mai gyaran waya a Gaya, wanda ya shekara biyu da buɗe shago amma har yau babu suna a ƙofarsa.