Kason da Malam Sabi'u Ya Yafe

Wata rana, ana cikin goman ƙarshe na azumi, san Malam Sabi'u ya daina cin dusa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sabi'u mai kiwo ne a wata unguwa ta bakin gari. Yakan sayo maraƙi ramamme, ya turke shi a bayan gida, ya yi ta ɗura masa harawa da dusa da kanwa har tozo ya kwanta gefe guda.

Matan unguwar kuwa suna da watanda. Kun dai san ta. Kowace ta tara ɗan abin da Allah ya hore mata, a haɗa a sayi sa guda, a yanka, a kasa nama daidai wa daida, kowa ta samu na miyar Sallah.

Uwar watandar ita ce Inna Tabawa. Tsohuwa ce mai haƙorin Makka guda ɗaya, ga baki ba ya ɓoye komai. Ita ta yi wa Sabi'u wankan jarirai, shi ya sa har ya yi furfura ba ta taɓa ce masa Malam ba.

Shekara da shekaru a hannunsa suke sayen sa. Ba sa zuwa kara, kasuwar shanu, ba sa duba haƙori. In ya ce lafiyayye ne, magana ta ƙare.

To bana, an riga an yi ciniki, an sa ranar yanka, sai sa ya kama tari. Hanci na zuba, kunnuwa sun langaɓe.

Malam Sabi'u bai nemi likitan dabbobi ba. Ya tafi wajen mai baza kwalabe a kan buhu ranar kasuwa, aka ba shi wata allura mai ruwan ɗorawa.

Mai maganin ma bai cuce shi ba. Ya ce, “Malam, wannan tana daɗewa a jiki. In ka yi masa, kada a yanka sai Sallah ta wuce da nisa.”

Ya ce, “Na ji.”

Ya kuwa ji. Kada wani ya ce muku bai ji ba.

Ya dawo ya soka masa a cinya. Da ya ga sauƙin bai zo da gaggawa ba, ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

Sa ya miƙe, ya koma cin dusa har da lasar kwano.

In gaya muku gaskiya, zuciyarsa ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ya taɓa tashi takanas ya je har zauren Inna Tabawa don ya faɗa mata. Sai ya jiyo mata a tsakar gida suna shewa, wannan tana cewa dambu za ta yi, waccan tana cewa rabon yaranta da nama tun layyar bara.

Ya juya a hankali ya fita.

A hanya ya yi ta lallashin kansa. Ai tafasawa za a yi. Ai soyawa za a yi. Wane magani ne zai tsaya wa wuta? Kuma da bismillah za a yanka.

Ranar yanka, tun da hantsi mata suka cika gindin darbejiyar bakin kwata, kowace da robarta ko kwanon samira. Mahauta suka feɗe, suka shimfiɗa buhuna, aka fara kasawa.

A watandarsu akwai al'ada. Bayan kason kowa, akan ware kaso ɗaya mai kyau, a ɗora masa yankin hanta, a ba mai sa. Tukuici ne na amana. Duk shekara Malam Sabi'u yakan karɓa da hannu biyu ya kai wa iyalinsa.

Rannan da aka ware, sai ya gyara murya.

“Inna, bana na yafe kasona. A kai wa marayun gidan marigayi Ɗanjuma.”

Wuri ya ɗauki sa albarka. Wata mai suna Kande, wadda ba a raba ta da barkwanci, ta ce, “Kai! Malam zai shiga Aljanna da takalminsa, mu muna nan muna neman namu a bakin ƙofa!”

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya ɗan yi, yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka sai ga sabuwar likitar dabbobi da aka kawo kwatar. Dakta Sa'adatu sunanta. 'Yar siririya, farar riga a kan hijabi, da dogon takalmin roba. Ta gaishe da kowa har da ɗan rusunawa, ta duba huhu, ta duba hanta. Da ta zo kan cinya sai ta tsaya.

Ta karɓi wuƙa ta tsaga. Can ciki naman ya yi wani ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ta kai hanci, sannan ta dubi Malam Sabi'u.

“Baba, an yi wa san nan allura kwanan nan?”

“Ta ƙarin jini ce kawai, 'yata.”

Da azumi a bakinsa ya faɗi haka.

Ba ta yi masa musu ba. Ta yanki ɗan guntun ƙoda, ta matse ruwansa a wata 'yar kwalba mai shuɗin abu a gindi.

Ta ce, “Iyayena, ku yi haƙuri, kada kowa ta ɗauki nama sai na dawo. In abin cikin kwalbar nan ya canza launi, ku kwashi abinku. In ya tsaya yadda yake, to akwai sauran magani a jikin naman.”

Ta shige ofishinta da kwalbar.

Nan fa guna-guni ya tashi. Rana ta take, ga ƙishirwar azumi, ga ƙuda.

Kande ta ce, “Wannan 'yar da ko miyar kuka ban ga alamar ta iya kaɗawa ba, ita za ta koya mana nama?”

Inna Tabawa ta ɗaga hannu. “Ku bar yarinya ta yi aikinta. Ni na san a hannun wanda na saya. Ta gwada har gobe.”

Wayyo. Da ma zagin Malam Sabi'u ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Yana zaune a kan wata tsohuwar taya, gumi na bin bayansa. Ya ɗauko carbi, ya kasa ja. Sau nawa ya yunƙura zai tashi ya ce, Inna, ba sai an jira ba, ni na sani. Sai ya dubi fuskokin matan nan, ya koma ya zauna.

Bayan azahar likita ta fito. Ta ɗaga kwalbar kowa ya gani.

Shuɗi. Yadda ta shiga da ita.

Kande ta yi ƙarfin hali ta ce, “To ai dafawa za mu yi, 'yar nan. Mu ba ɗanye muke ci ba.”

“Mama, wuta ba ta cinye shi duka. Wani in ya ci, jikinsa ya feso da ƙuraje. Wanda ya fi ban tsoro kuma, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi kaɗan-kaɗan. Ranar da jikanki ya kwanta aka ba shi irin maganin a asibiti, sai ya ƙi kama shi.”



Inna Tabawa ta dafa sandarta ta miƙe. Ba ta nufi likita ba. Ta taka a hankali har gaban kason nan da aka ware gefe, mai hanta a kai. Ta daɗe tana kallonsa.

“Sabi'u.”

“Na'am, Inna.”

“Kason nan da ka yafe wa marayu, don Allah ka yafe, ko don cikin 'ya'yanka?”

Ya sunkuyar da kai.



Ta ce, “To. Na ji amsa.”

Ba wadda ta zage shi. Ba wadda ta ci kwalarsa.

Aka tattara naman kaf a baro, aka tura shi ramin da ake binne irinsa. Mata suka kife murafan kwanukansu suka kama hanya. Ƙarar kwanon da babu komai a ciki daban take, 'ya'yana. Ya yi ta jin ta har suka sha kwana.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa ta ajiye masa kunu ba ta dube shi ba. Da aka kira magariba ya kurɓa, ya ture kwanon gefe.

Washegari jajibere.

Akwai wani bijimi da yake turke da shi, wanda yake tanadi don babbar Sallah. Duk abin da ya mallaka babu kamarsa, kuma allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Ya kwance shi da hannunsa. Bai aiki kowa ba. Shi ya ja igiya ya ratsa tsakiyar unguwa, masu shago suna leƙe, masu zaman dakali suna bin sa da kallo in ya zo wucewa.

Ya yi sallama a ƙofar Inna Tabawa. Ta fito tana gyara mayafi.

Ya durƙusa, dattijo da furfurarsa.

“Inna, ga wannan a madadin wancan. Wallahi tallahi, wannan ko sau ɗaya...”

“Kul. Kada ka rantse, kana azumi.”

Ta dubi bijimin sama da ƙasa.

“Ja shi kwata. In yarinyar nan ta ce a ci, sai mu ci.”

Haka aka yi. Aka yanka, aka kasa, aka matse ƙoda a kwalba. Ya sake zama yana jira. Ya san sarai wannan karon babu komai, amma gumin da ya yi ya fi na jiya. Mutum da girmansa, ya zuba ido yana jiran 'yar kwalba kamar ɗan yatsa ta yi masa shaida a gaban matan da suka san shi tun yana rarrafe.

Launi ya canza.

Mata suka yi hamdala, kowace ta cika kwanonta. Inna Tabawa ta kama hannun likitar da hannu biyu, ta yi ta sa mata albarka har da iyayen da suka haife ta.

Da ta zo wucewa ta gabansa, ta ɗan dakata.

“Sabi'u, ka gaida gida.”

Iyakar abin da ta ce masa ke nan.

Darasi:

'Ya'yana masu kiwo, ba laifi ba ne dabba ta yi ciwo, ba laifi ba ne a yi mata magani. Laifin shi ne gaggawa da ɓoyewa. Ko sa ne, ko kaza, ko ƙwai, ko nonon da za ki kai kasuwa, in an ba dabba magani a tambayi likitan dabbobi yaushe zai fita daga jikinta, a kuma jira. Bismillar yanka ba ta wanke allura. Tukunya ma ba ta wankewa.

In kuma ka ga kana kauda abu daga bakin ɗanka kana miƙa wa ɗan wani, to ba sai an kawo kwalba ba. Ka riga ka gwada, ka kuma san sakamako.

Masu gwajin nan ba maƙiyanku ba ne. In sun ce a dakata, a dakata, ko da tukunya tana kan murhu.

Ku tura wa duk mai kiwon da kuka sani, da uwar watandar unguwarku. Ko ɗanki ne na cikinki, tura masa. Gara ya ji kunya a waya, shi kaɗai, da ya ji ta a bakin kwata.