Ranar da Na Bar Tuwo a Kan Wuta a Hayyin Ashir

Shekarun baya, wajen 2012, lokacin ina karatu a Alƙahira, ina da wani aboki da ya ishe mu da wata magana ta Turanci. Idan ya taso daga karatu yakan raka marasa lafiya 'yan Najeriya asibiti yana yi musu tafinta, to a bakin likitoci ya tsinto ta. Da ka ɗaga wayarsa, ko sallama bai gama ba sai ka ji, "Drop everything!" Wato ka ajiye duk abin da ke hannunka ka taho yanzun nan. Ka fito hankali a tashe, ka je ka tarar wai wani ne ya sauka daga Kano da kilishi. Wata rana kuma wai ruwan sama ake yi, a fito a gani. Wannan kam ban ga laifinsa ba, don a Masar ruwan sama baƙo ne.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da wani hali: idan na kama abu, ko sama da ƙasa za su haɗu sai na kai ƙarshensa. Wanki ne, karatu ne, ko gyaran wake ne, amsata ɗaya ce: "Bari in gama." Sau nawa ina isa wurin kilishin nan in tarar sai takarda da ɓurɓushin yaji! Abokina ya dube ni ya ce, "Kai dai ranar tashin ƙiyama ma cewa za ka yi a jira ka shanya riga."

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma mutuniyar da ce, mai tsananin kunya. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Idan za ta aike ni, ƙanwata take faɗa wa alhali ina tsaye a gabanta. A ɗakin kakata na tashi, ita ta yi min wanka, ita ta goye ni. Tun da na zo Masar ban leƙa gida ba, kuma ko a waya magana biyu ce tsakaninmu, ta ce Allah Ya yi albarka ta miƙa wa wani. Duk da haka ina kewarta, kewa mai tsanani, irin wadda ba ka da wanda za ka faɗa wa.

Sai ƙanena ya sanar da ni za ta tafi Umara, kuma jirginsu zai yada zango a Alƙahira. Amma zangon ɗan gajere ne, a cikin filin jirgi, inda ba a barin kowa ya shiga. Na haƙura, ban ma faɗa wa kowa ba.

Ranar ta zo daidai da layin girkina a gidan da muke haya a Hayyin Ashir. Unguwar ba ta da nisa da filin jirgi, daga tagar kicin ɗinmu kana hango jirage suna tashi a hankali ta saman benaye. Lokacin sanyi ne, rana ta yi laushi, sararin sama ya yi wani fari-fari. Na ɗora shinkafar tuwo bayan azahar, na jingina da taga. Duk jirgin da ya ɗaga sai in ce a raina ƙila shi ne, in bi shi da ido har ya ɓace. Na riƙa ƙiyasta ta a kujerar gefen taga, mayafi har goshi, tana kallon garin da ɗanta yake, ba ta san wane rufi ne nasa ba.

Na fara tuƙi ke nan waya ta yi ƙara.

"Drop everything!"

Na ce, "Malam, tuwo nake tuƙawa. Ku cinye kilishinku, na yafe."

Ya ce, "Wallahi ba kilishi ba ne. Kai ɗan fari ne?"

"E, me ya faru?"

"Kana da tabon ƙuna a gwiwar hannun dama?"

Muciya ta tsaya a hannuna. Ya ce ya je wani otal kusa da filin jirgi yin sallama da wani mara lafiya, sai ya tarar da ayarin 'yan Umara daga Kano. Jirginsu na Jidda ya samu jinkiri tun safe, aka kawo su nan su huta. Wayoyinsu ba sa aiki. Wata dattijuwa ta ji yana Hausa, ta kira shi gefe ta ce akwai wani yaro da ke karatu a garin nan, ko ya san shi? Ya ce, "Hajiya, yaya sunansa?" Sai ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ce, "Dogo ne, yana da tabo a hannu. Kuma idan ya kama abu ba ya saki sai ya gama."

Abokina ya ce, "Ina jin haka na ce khalas, shi ke nan, na san ɗan taurin kan! Yalla, yi maza, motarsu ta kusa zuwa."

Har yau ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Na dai tsinci kaina a cikin tasi, sanye da silifas na banɗaki, ba rigar sanyi. Hanya ta cushe kamar kullum, direba yana ta ce min ma'alish, wato in yi haƙuri, ni kuwa ba na jin ƙarar ham ɗin motoci sosai, komai ya zama kamar a mafarki. Idona na sama. Yanzu duk jirgin da ya ɗaga sai in ce ya Allah kada ya zama shi ne.

Da muka isa, farar bas tana tsaye a ƙofar otal, mutane suna hawa. Mahaifiyata kaɗai ta rage a ƙasa da 'yar jakarta, abokina yana gefenta yana ta ba direban haƙuri da Larabci. Ta ƙara tsufa, ta ƙanƙance. Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, sannu da hanya."

Ba ta dube ni ba. Abokina ta duba ta ce, "Ɗan nan, ka ce masa ya rame."

Ya juyo da fuskar tafinta ya ce, "An ce ka rame."

Sai idonta ya sauka a hannuna. Ashe tuwo ya bushe min daga yatsu har wuyan hannu. Ta ce, "Girki yake yi?" Abokina ya ce, "A kan wuta ya baro shi, Hajiya." Ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "Shi ɗin? Bai gama ba?"

Daga nan ta kama hannuna, ta sa bakin mayafinta ta fara goge tuwon, yatsa bayan yatsa. A iya wayona ban tuna ranar da ta taɓa riƙe hannuna ba. Direba yana danna ham, mata suna kiranta ta taga, ita kuwa ko a jikinta, sai da ta goge shi tas. A nan na gane inda na gado halin. Ta ce Allah Ya yi albarka, ta hau mota. Ni kuwa na tsaya a bakin titi ina kuka, ƙato da ni, abokina ya yi kamar bai gani ba.

Da na koma gida na tarar an buɗe tagogi duka. Ƙauri ne ya tashi abokin ɗakina daga barcin rana, ya kashe wutar. Tukunya kam ta tashi aiki, ranar burodi da wake muka ci, kuma na sha tsiya har na bar Masar.

Halina bai canza ba, har yanzu ni mai "bari in gama" ne. Abu ɗaya ne kawai ya fita daga ciki: idan aka ce Hajiya na kira, ko me nake yi a nan yake tsayawa. Tana nan da ranta, kuma har gobe ba ta kiran sunana. Sai dai tun daga tafiyar nan na tashi daga "yaron nan", na koma "mai tuwon Masar".

Kwanaki tuwo ya kama a gidana, maiɗakina tana ta salati tana ba ni haƙuri. Na shiga kicin na tsaya ina shaƙar ƙaurin, na ce mata don Allah kada ta buɗe taga tukuna.