Talata Bakwai a Ƙofar Sito

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tasi, kuma a tasha ba a san shi da wani suna ba sai Sannu-Sannu, don ko mai keke kan wuce shi a hanya. Bai taɓa buge ko kaza ba. Da girma ya kama shi sai ya daina shiga layi, ya riƙe tsohuwar motarsa don mutanen unguwa kawai. Tun yana matashi yake da wata ɗabi'a: idan fasinja za shi inda ba ya son a gan shi, kotu ko asibiti, ba ya kai shi ƙofa. Sai ya sauke mutum tun da sauran layi biyu, ya kashe mota, ya jira.

Haka yake yi wa maƙwabcinsa tela. Tun da matar telan ta rasu barci ya ƙaurace masa, har ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa duk Talata, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Tsoronsa kada a ce ya taɓu, masu kawo ɗinki su watse. Sannu-Sannu kan tsaya a inuwar wani siton siminti, telan ya ƙarasa da ƙafa.

Ana nan sai aka fasa siton. Bayan kwana uku wani ɗan sanda ya tarar da tsohon yana wanke tayoyi, ya gaishe shi da ladabi, ya ce ana nemansa a ofis, shi da motar.

A can wani sufeto, sa'an ɗansa na biyu, ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Ashe kyamarorin da aka kafa a kan fitilun hanya lambar mota suke karantawa suna ajiyewa. Ga motarsa Talata bakwai a ƙofar siton, awa guda-guda. Ga ranar da ya kai matarsa gidan ƙanwarta, ga ranar da ya je cire haƙori. Tsoho ya gyara tabarau ya duba da kyau, ya ce ko uwargida da ta shekara arba'in tana bin diddiginsa ba ta kai wannan na'ura ba. Sufeto ya yi dariya, sannan ya tambaye shi wa yake ɗaukowa.

"Yallaɓai, inda na tsaya na faɗa maka, abin da na yi ma na faɗa, gyangyaɗi. Wanda nake ɗaukowa ba ɓarawo ba ne, kuma sirrinsa ba nawa ba ne balle in ba ka."

Sufeto ya ce ai mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. Tsoho ya tambaye shi to don me aka sa wa tagar ofishin nan labule. Ya ce in alƙali ya rubuto takarda zai je ya yi masa bayani a ɗaki, ba a kan kanta ba. Ya kuma so ya ji wanda ya ba su izinin tara tafiye-tafiyen mutumin da ba a zarga da komai ba, kuma har zuwa yaushe. Sufeto ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, daga sama take. Ya jefa makullin motar a aljihun tebur, ya ce mota tana nan sai an gama bincike.

Da ƙafa tsoho ya koma gida. Matarsa ta ce taurin kan nan da shi za a binne shi, amma ba ta tambaye shi ko wane ne fasinjan ba, ta san ba za ta ji ba. Da la'asar telan ya shigo, almakashi ma bai ajiye ba, ya ce shi ya jawo masa. Sannu-Sannu ya ce ya koma kan keken ɗinkinsa, mota ƙarfe ce, ko ta yi wata a hannun 'yan sanda ba wanda zai nuna ta da baki.

Ranar Talata ya aro motar surukinsa, suka kama hanya a lokacin da suka saba. Suna dosar siton telan ya dafa kafaɗarsa daga baya.

"Yaya, yau kai ni har ƙofa. In na fito mu biya wurin sufeton nan. Ni zan faɗa masa da bakina, shi kaɗai."

Tsoho ya dube shi ta madubi, ya ce ba dole. Telan ya ce ya sani. Sai tsoho ya sa sigina, ya karya kan motar zuwa layin asibitin.