Suna ɗaya, makulli daban

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gidanmu a Filinge, ordinatar, wato kwamfuta, a cinya. Jibi zan nuna aikina a inda nake neman istaj, wato gurbin koyon aiki, a Yamai, ga shi purogaram biyun da na rubuta sun daina jin juna.

Sai sun samu makulli ɗaya suke iya magana, kuma daga wani fishiye, wato fayil, ake fitar musu da shi. Can na gano matsalar: purogaram na farko yana cikin aiki na goge fishiyen, na ƙirƙiri sabo da sunan tsohon. Na'ura kuwa ba suna take dubawa ba, lambar ciki take dubawa, ita ce ta canza.

Kakata tana gefe tana tsintar wake. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba.

Ta ce, "Maigida, mi ya same ka kake magana kai ɗai?"

Na yi mata bayani iya yina.

Ta ce, "Ashe abin naka na da hankali. Kai ma sunanai anka ba ka, amma in ka yi sallama na san ba shi na ba."

Na ce, "To Kaka, me ya sa kike amsawa da sauri haka?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Don kai ma ana jiranka."

Na sake tayar da purogaram biyun tare, suka gane juna. Ni kuwa na matsa kusa da ita na kama tsintar wake.

Ku da kuka ci sunan wani a gida, da me tsofaffinku ke kiranku?