Madubin Motar Kawu

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ban jin zai iya ɗauke ranar da na je gwajin tuƙi da motar kawuna. A lokacin ina zaman kashe wando a Tudun Wada, sai wani mai gidan burodi a Daɗin Kowa ya yi min alkawarin aikin direba, muddin na kawo lasisi kafin ƙarshen wata.

Kawu ne ya koya min mota, kuma karatunsa ɗaya ne kullum: "Kai yaro, masu gwajin nan madubi suke kallo. Ka gyara shi, ka riƙa juya wuya sosai, su ga kana dubawa." Na haddace juya wuya fiye da yadda na haddace birki.

Sai dai Kawu yana da wata ɗabi'a. Tun da aka taɓa ɓalle masa madubi a bakin kasuwa, duk inda ya ajiye mota sai ya kwance na gefe biyun ya zuba a aljihun babbar riga. Na san da haka sarai, amma tsoro ya share min shi.

Da safe muka daidaita madubai a ƙofar gida, ina ciki yana waje yana murɗawa, har suka zauna daidai idona. Da muka isa filin gwajin na shiga layi, shi kuma ya ce zai je shan shayi.

Jami'in da ya faɗo min wani dattijo ne mai gilashi, Hausarsa irin ta 'yan Jos. Ya zagaya motar a hankali, ya dube ni, ya shiga. Ga sanyi, amma ni gumi nake. Na taɓa madubin ciki da yanga, na gefe kuwa na ce ai an gama da su tun a gida.

Muka hau titi. Kafin kowace kwana in juya wuya dama, in juya hagu, har da ɗan gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wallahi ban ga komai ba sai fargabar da ke cikina, amma wuya ya yi aikinsa.

Da muka dawo ya ce, "Malam, wannan madubi na dama, mene ka gani a ciki?"

Na ce, "Ba komai, oga."

Ya ce, "Gaskiya ne. To duba shi kuma."

Na duba. Babu madubi, ramukan ƙusa biyu ne suke kallona. Na waiga hagu, haka. Daidai nan Kawu ya ƙaraso yana goge baki, ya zaro madubai daga aljihu yana murmushi: "Ranka ya daɗe, ga su nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa."

Dattijon ya yi dariya har sai da ya cire gilashi, sannan ya kayar da ni a gwajin. Kafin a sake ba ni rana, wata ya ƙare, motar burodi ta samu wani direban. Na ji ciwon abin ƙwarai, na yi kwanaki ina gaida Kawu a daƙile.

Amma ranar ce ta koya min bambancin dubawa da nuna ana dubawa. Yau ko a mota ko a wajen aiki, ba na juya wuya don wani ya gani. Sai na tabbata na ga abin da ke bayana.